Ƙwaryar da Na Kifa wa 'Yar-sunkuye

Da sunan Wanda ya yi zafi ya yi sanyi, ya yi ƙasar da ake gudun rana, ya yi ƙasar da ake roƙonta. Ya yi ruwan da ake sha, ya yi ruwan da ake takawa. Wanda ya gani ya faɗa, wanda bai gani ba ya gyara zama.

Ni ce Barmani 'yar Nomau mai albasa. Ban iya tsara zance ba, kuma in aka zuba mini ido bakina ɗaukewa yake yi. Ku ɗan kau da kai in faɗa yadda ya zo. Wanda ya ji, ya bar shi a nan.

Babana manomin albasa ne a bakin fadama. Ba irin da bai shuka ba, ja da fara da mai ƙaramin kai. Sai wani falke ya kwana a zaurenmu, ya ba shi labarin ƙasar Baldaru, can bayan inda duwatsu suka ƙare. Wai akwai wata albasa da take tsirowa cikin ƙanƙara, furenta fari fat, ba wanda ya taɓa kawo irinta ƙasarmu. Tun daga ranar Baba bai ƙara barcin kirki ba. Ya ce da Inna zai je ya kawo iri, kafin a kwashe albasar bana ya dawo. Aka kwashe ta bana, aka kwashe ta baɗi, har Inna ta daina saka rabonsa a tuwo. Ni dai ban daina wanke ƙwaryarsa ba.

Ran da na tafi nemansa ban gaya wa kowa ba. Na ce zan je rafi, na ɗauki ƙwaryar na cusa cikin zane, na bi bayan fatake. Da muka kai inda duwatsu suka ƙare suka ce su nan suke juyawa, ba su da ciniki da mutanen can. Na ci gaba ni kaɗai.

Abin da na fara gamuwa da shi tsuntsaye ne, farare, kowanne ya kai tunkiya. Ba sa cin mutum, amma ba sa barin abu mai launi ya wuce. Ɗaya ya sauko ya fizge mini ɗankwali har da gashi. Sauran suka kewaye ni suna kallon zanena, shuɗi ne. Na ce shi ke nan, tsirara zan mutu a ƙasar mutane. Sai na hango wani rami na farar ƙasa, na faɗa ciki na yi ta birgima kamar jaki, na fito fari fat har gira. Suka leƙa ni da wannan ido, suka leƙa da wancan, suka tashi.

Daga nan sama ta fara zubo wani abu kamar audugar da aka shiɓa. Na tara hannu na lasa, ashe ruwa ne. Na tarar da kogi ya daskare kamar daɓe, a tsakiyarsa an kafa ƙofa, wata mata tana zaune a gindinta da tulu a gabanta. Ba ta amsa sallamata ba.

Ta ce, "Ke 'yar zafi, nan da sirri ake wucewa. Sa bakinki a tulun nan ki faɗi abin da ba wanda ya sani."

Ni fa ko Inna ba ta san abin da ke cikina ba, balle tulu. Na tsaya ina murza yatsu. Ta ce in ba zan faɗa ba in koma wa tsuntsaye. Ina sunkuyar da kai sai na ga ƙanƙarar da ke ƙarƙashin kujerarta ta jiƙe, wani ɗan hayaƙi yana fitowa ta gefen zanenta. Kaskon wuta ta ɓoye. Na duba ko'ina, ban ga wuta a fili ba, ko a bukkar masu gadi. Sai na kai bakina kusa da tulun na ce a hankali, "Akwai wata mata mai tsaron ƙofa, a ƙarƙashin kujerarta…"

Ta toshe bakin tulun da tafin hannu. "Wuce, tsinanniya. Wuce kafin in sauya shawara."

A nan na gane cewa a Baldaru jin sanyi abin kunya ne, neman ɗumi kuwa laifi.

Birnin nasu duk katanga ne. Kowane gida da lambunsa na hunturu, an kewaye shi, an kafa ƙaya a bisa. Ba mai gaida wani. Kowa da ɗan madubi rataye a wuya, na zaci kwalliya ce, sai da na leƙa wata ƙofa na ga manyan mutane kwance rub da ciki a kan ƙanƙara, sun tura madubin ƙarƙashin wani ɗan fure suna kallo kamar ransu ne a ciki.

Furen nan shi ne albasar Baba. Su 'yar-sunkuye suke ce mata, don ba ta ɗaga kai. Tsawonta bai wuce yatsa ba, ganyenta kamar ƙaramin lawashi, furen fari kamar ɗigon nono yana reto. A cikinsa akwai ɗan tabo kore, shi ya sa sai da madubi. Wata tabonta kamar kofaton akuya, wata kamar gira, wata ɗigo biyu. Ni duk ɗaya na gan su. Su kuwa kowacce da sunanta, sunan mutum, kuma a kan tabon nan 'yan'uwa suke rabuwa har mutuwa. Ba a cin ta, guba ce. Tara ta kawai suke yi, su hana maƙwabci gani.

A lambun wata tsohuwa, Dardaza, na tarar da Baba. Yana ɗauke da kwandon ruɓaɓɓen ganye, ya rame, yana ɗingishi, an naɗe ƙafafunsa da tsumma. Na ce, "Baba." Kwandon ya faɗi. Na zaci rungume ni zai yi.

Ya ce, "Uban wa ya aiko ki? Koma. Ban san ki ba."

"Ai kuwa ta san ka," in ji wata murya. Tsohuwar ce, doguwa, busasshiya, da sandar ƙarfe. Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Iya." Ta buga mini sandar a kafaɗa.

"Ban haife ki ba. Uwar Lambu za ki ce. Wadda na haifa ta mutu, ubanki ya sake kashe ta."

Ita ta faɗa mini abin da ya faru, tana faɗa tana nuna shi da sanda. Tana da wata 'yar-sunkuye da ta sa wa sunan 'yarta marigayiya, Sinjiya. Baba ya yi mata aiki hunturu guda, ta yarda ya raba gindin ya ɗauki rabi. Su a can da ɗanyen ganyenta ake tono ta, a mayar da ita ƙasa nan take da damshinta. Shi kuwa Baba sai ya yi mata yadda muke yi wa irin albasa. Ya tone gindin duka, ya yanke ganyen, ya shanya kawunan a kan rufin ɗaki su bushe su yi ƙwari. Suka bushe ɗin kuwa, suka mutu. Dokarsu ita ce wanda ya kashe fure ya zauna a madadinsa, sai in wani na jininsa ya raya irinsa ya yi fure.

Ta buɗe wani ganye mai laima, ga ɗan kai kamar ƙwayar gyaɗa. "Wannan kaɗai ya tsira, a ƙasa ya manta da shi. Ki shuka. In Sinjiya ta buɗe da tabonta kore kafin ƙanƙara ta narke, ya tafi. In ta mutu, kun zama biyu. Ba taki, ba wuta, ba rufi. Wanda ya rufe fure, rufe shi ake yi. Kin ji ko in maimaita da sanda?"

Na gyaɗa kai.

Na shuka ta a gindin wata bishiya da ba ganye, zurfin yatsa, na zuba ruɓaɓɓen ganye kamar yadda na ga suna yi. Aka hana ni magana da Baba. A rumbun kwanduna nake kwana, abincina wani kunu mai sanyi. Masu aikin lambun in sun wuce sai su tofar da yawu su ce, "Warin hayaƙi take yi." Ni kuwa ba abin da nake yi sai zuwa in duba wajen, in dawo, in sake komawa, ko na manta ban duba da kyau ba.

Wata safiya na ga ɗan tsini ya huda ƙanƙara, siriri kamar allura. Wallahi sai da na yi kuka. Da yamma iska ta taso, irin wadda take yanka kunne. Na tsuguna ina kallon abin nan shi kaɗai a fili, ba uwa ba riga. A gidanmu ko yayyafin albasa sai mun lulluɓe shi da kara. Kuma na ga sawun mutum a gindin katanga, daga lambun maƙwabciya, wata Tirmiza, wadda aka ce ta fi kowa dogon hannu. Na tuna maganar sanda. Na tuna ƙafafun Baba. Zuciyata ta ce kwana ɗaya kawai, iskar ta wuce.

Na ciro ƙwaryar Baba na kifa mata, na tara ƙanƙara a kai har wurin ya koma daidai da ko'ina.

Gari ya waye na ce in buɗe, sai na ga mutane. Washegari ma haka. Daga baya ma tsoron buɗewar ya fi ƙarfina, kada in tarar ta mutu. Na bar ta a rufe. Furannin kowa suka buɗe, lambu ya yi fari a kan fari, ana ta kwanciya da madubi. Dardaza ta riƙa wucewa tana cewa, "Ina Sinjiya, 'yar zafi? Ko kin soya ta?"

Ran da na ji ruwa ya fara ɗiga daga reshe, na san lokaci ya zo. Da asuba na share ƙanƙarar, na ɗaga ƙwaryar na cusa cikin zane. Tana nan da rai. Ta yi tsawo, ta buɗe, tana reto. Amma ganyenta ba kore ba ne, fari-fari ne kamar man shanu. Na kwanta na leƙa daga ƙasa. Tabon ruwan ɗorawa ne.

Sai na ji ihu daga kan katanga. Tirmiza ce, gajera mai ƙiba, ta leƙo ta cikin ƙaya. "Mai ɗorawa! Jama'a, mai ɗorawa a lambun Dardaza!"

Kafin rana ta fito lambun ya cika. Manya suna ture juna, madubai suna karo, wani tsoho har ya ciji hannun wani. Ashe tun kakanninsu ake zancen mai tabon ɗorawa, ba wanda ya taɓa gani. Wanda ya raya ta, sunansa za a sa mata, a ba shi ɗaki da bargo, ba mai ƙara ɗaga masa murya. Suka dame ni da tambaya, me na zuba, daga wace kusurwa iska ta buge ta. Bakina ya ɗauke. Suka ce ji 'yar banza, ta san darajar abinta.

Dardaza ce kaɗai ba ta kwanta ba. Ta sunkuya ta shinshina ƙasar wurin, ta dube ni har cikin ciki.

"A bar ta a rana tukuna," ta ce. "In ta zauna a ɗorawa, sabuwa ce, a sa mata suna. Amma ba Sinjiya ba ce, mai albasa yana nan. In kuwa ta koma kore, to Sinjiya ce aka hana wa haske. Shi ya tafi, wadda ta rufe ta kuma ta san doka."

Na tuna albasar da take tsira a cikin rumbunmu, fara sol, in aka fito da ita rana ta koma kore.

Aka sa masu gadi biyu. Da suka tafi cin abinci Tirmiza ta diro ta katanga, ta matso har ina jin numfashinta.

"'Yar nan, ban tambaye ki abin da ke cikin zanenki ba, ba kuma zan tambaya ba. Masu gadin nan nawa ne. Ki riƙa kifa mata abinki, in manya za su zo a buɗe. Kwana kaɗan ne a sa suna. Ke ki samu bargo, ni ki ba ni 'yar farko in an raba gindi."

Na ce, "Babana fa?" Maganata ta farko ke nan tun ran da na shuka furen.

"Wannan? Ai ya saba. Dubi, ko rawar sanyi ya daina."

Ta koma. Can sai ga Baba da kwandonsa, ya yi kamar yana gyara tsumman ƙafa, bai dube ni ba.

"Rufe ta," ya ce ta cikin haƙora. "Kin ji abin da na ce? Rufe ta. Kin san randar da suke saka mutum? Ba a fitowa da hankali. Ban haifi shashasha ba."

Na ce, "To, Baba."

Da ya wuce na zauna a kan hannuwana. Rana ta fito sosai a ranar, ta sauka a kan furen. Ƙwaryar tana tokare mini ciki. Hannuna ya yi ta son zamewa, na danne shi da cinya. Tirmiza ta jefo ni da dunƙulen ƙanƙara daga katanga, ta kira ni jaka, ta kira ni 'yar mai wari. Baba ya wuce ya sake wucewa, idonsa jawur. Ban motsa ba. Da yamma bakin ganyen ya fara kore. Washegari, da manya suka tura madubi, tabon ya fito sak, kore shar, kamar gira biyu sun haɗu.

Dardaza ta kwanta a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta daɗe tana kallon madubin. Ta ce, "Sinjiya," a hankali. Na zaci zuciyarta za ta yi sanyi. Ta miƙe ta kakkaɓe jikinta.

"Mai albasa, ka fita. Ku kawo randa."

Suka mirgino ta, baƙa, ta kai ƙirjin mutum. Suka ƙwace ƙwaryar suka taka ta. Aka ɗaga ni aka zura, aka kawo murfi, aka ɗaure da igiya. Duhu, sanyi, da warin wanda ya riga ni zama. Sai ƙanƙarar baɗi ta narke za a buɗe, in ji su, ta wata 'yar huda za a riƙa zuro kunu. Na cusa zane a baki don kada su ji ni.

Daga ciki nake jin komai kamar daga rijiya. Wani dattijo ya ce da Baba, bisa al'ada wanda aka sallama yana da kaya ɗaya na ladan wahalarsa. Ya zaɓi tukunya ɗaya a lambun da abin da ke cikinta, ya ɗauka a kansa har waje. In ya sauke kafin ya ƙetare ƙofa, kayan sun zauna, ya fita hannu wofi.

"Ga tukwane can," in ji Dardaza. "Ɗauki wadda ka ga dama, ka je ka shanya a rufin ɗakinku."

Aka yi dariya. Na ji takunsa, ɗingis, ɗingis. Bai yi wajen tukwanen ba. Sai na ji tafin hannu a jikin randar.

"Wannan," in ji Baba.

"Wannan ba tukunyar fure ba ce!" in ji Dardaza.

"Tukunya ce, a lambu take," in ji Tirmiza, muryarta har da daɗi. Haushina take ji, amma na Dardaza ya fi. "Ko al'adar ma taki ce, kin sa mata sunan 'yarki? Ku bar shi. Mutumin da ba shi da yatsun ƙafa, ina zai kai? Mu dai mu sha kallo."

Suka ɗora masa, da gangan suka sake ta da ƙarfi. Na ji wuyansa ya yi ƙara. Randar ta karkata, na dafe bango biyu da hannu da ƙafa, na tsaya cak a tsakiya, ko numfashi a hankali nake yi. Ya ɗaga ƙafa. Ya ajiye. Ina jin kowane taku a ƙashin bayana. Suka fara jifa, dunƙulen ƙanƙara yana bugun randar kamar ganga. Wani ya ce a watsa ruwa a hanya, na kuwa ji an watsa. Ƙafarsa ta zame, muka tafi gefe, na jefa jikina ɗaya gefen, muka dawo. Aka yi ihu.

"Barmani," ya ce daga ƙasa, da ƙyar. "Daina motsi, don ubanki."

Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, randar tana rawa, ina jin numfashinsa kamar ana zarto. Dardaza tana biye da mu tana cewa, "Sauke, tsoho. Sauke ka huta. Ba wanda zai ga laifinka." Na so in ce masa ya sauke ɗin. Sai na cije zanen da ke bakina.

Ya sake tafiya. Taku, tsayawa, taku. Sai na ji ƙafarsa ta bugi itace, dokin ƙofa ne. Bai iya ɗaga ta ba. Ya gwada, ya sake gwadawa. Daga nan bai ƙara gwadawa ba, sai kawai ya saki jikinsa gaba, mu duka muka tafi.

Randar ta fashe. Haske ya buge ni. Ina kwance cikin ɓaraguzan randar, goshina yana jini, a kan hanya, a waje. Baba yana kife, ƙirjinsa a waje, ƙafafunsa a ciki. Na kama hannuwansa na ja, na ja, har tsumman ƙafarsa ɗaya ya maƙale ya zauna musu. Dardaza ta tsaya a bakin ƙofa ta dube mu, ta tofar da yawu, ta turo ƙyaure.

Na juya shi. Idonsa a rufe. Na girgiza shi ina kiran Baba, Baba. Can ya buɗe ido ɗaya.

"Na ce ki rufe ta."

"Na ji."

"Kin ji." Ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Kin yi nauyi. Me uwarki take ba ki?"

Na yage rabin zanena na naɗe masa ƙafar. Ba yatsa ko ɗaya a jikinta. Na sa kafaɗata a hammatarsa muka miƙe, ba iri, ba fure, ba ƙwarya, muka juya wa Baldaru baya.

Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Abin da muka yi magana a hanya, wannan nawa ne da shi.